Maigidana yana da ƙaramin kamfanin waƙa, ni kuma na gaji da zama ta biyu

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a zauren nan ban taɓa kawo tawa ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Shekararmu 6 da aure da Abban Hanifa. Tun kafin ya fara zuwa zance gidanmu yake wannan harka. Ɗaki guda ya kama haya a Sabon Gari nan Damagaram, ya liƙe bangon da soso da kwalin ƙwai, kwamfuta ɗaya, fiyano ɗaya, makirfo biyu. Shi ba mawaƙi ba ne, ko a banɗaki ban taɓa jin ya rera ba. Aikinsa ya nemo yaran da Allah ya ba murya, ya ɗauki waƙarsu, ya gyara, ya biya mai bidiyo, ya bi gidajen rediyo yana roƙo a sa, ya ɗora a intanet da sunan kamfaninsa. Yara 5 ne a hannunsa kafin ɗaya ya tafi.

Ba zan ɗauki alhakinsa ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ba ya neman mata, ko taba ba ya sha. Amma na manta ranar ƙarshe da muka ci tuwon dare tare. Bayan la'asar yake fita, sai ƙarfe 2 ko 3 na dare in ji ƙarar ƙofa. Abin da ya sa na rubuto shi ne, watan jiya na kwashi adashe jika 150. Ni malamar lakwal ce, niyyata in sayi firiza in riƙa ƙanƙara da zoɓo kafin zafi ya shigo. Ya ce in ara masa, batiran situdiyo sun mutu, ga wani yaro yana tsakiyar albam. Na ba shi. Sati 3 bayan nan yaron ya hau mota sai Kano, da waƙoƙin duka a memori, ko sallama babu.

Daren ranar da wuri ya dawo. Na tarar da shi zaune kan turmi a tsakar gida, ko takalmi bai cire ba. Na zaci zai ce wani abu kan kuɗina. Abin da ya fito bakinsa shi ne wai muryar yaron nan ba ta gama nuna ba, can za su cika ta da na'ura su kashe ta. Wallahi na rasa tausayinsa zan ji ko haushi. Wadda take zaune da irin wannan namiji, yaya take yi? Ina son mijina, ba zancen rabuwa na kawo ba.

Hajiya_Ta_Birni:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni da kishiyoyi biyu na zauna shekara 30 da ɗoriya, kuma ina gaya miki taki mai sauƙi ce, tunda ba ta habaici ba ta haihuwa. Amma kuɗin adashe ba kyauta ba ne. Aro ya ce, to aro ne. Ki bari ya ci ya ƙoshi, hankalinsa ya kwanta, ki tuna masa da murya mai sanyi. In kika yi shiru kan wannan, na gaba ba zai ma tambaya ba.

Ɗan_Kara_Kara:
Hajiya a gafarce ni, ai kishiyar mutum ta fi adalci, ita ana raba kwana. Wannan duka kwanakin ta haɗa ta kwashe, har da kuɗin firiza a matsayin kayan lefe.

Zuwaira_227:
Ɗan_Kara_Kara baiwar Allah tana cikin damuwa kai kana wasa. Maman Hanifa ni tambaya ɗaya gare ni, wa yake cefane? Wa yake biyan haya da ruwa? Don kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram, in famfo ya ɗauke sai ɗan ga-ruwa, kuma ba bashi yake bayarwa ba. In albashinki ne yake riƙe da gidan, to ba miji mai sana'a kike aure ba, ke ce kike ɗaukar nauyin kamfanin ba ki sani ba.

Maman_Hanifa:
Yaya Zuwaira, haya shi yake biya, bai taɓa bari mai gida ya zo ƙofa ba. Hatsi ma yana saya da kaka. Cefanen yau da kullum ne wani sati ya bayar, wani sati ya ce in riƙe zai mayar. Ruwa da kuɗin lakwal ɗin Hanifa ni ce. Yana samu in ya yi wa 'yan kasuwa talla ko waƙar amarya da ango, to amma abin da ya shigo ta nan sai ya fita ta wajen yaran.

Tsohon_Mai_Kaset:
Bari in sa baki, don wannan ruwan na sha shi har ya kusa tafiya da ni. Shekara 14 na yi ina buga kaset a babbar kasuwa. A zamaninmu lissafin a fili yake. Ka ɗauki makaɗi, ka biya shi sau ɗaya, ka bi ta Matamaye da Daura ka shiga Kano ka sayo kwalayen kaset marar komai, ka dawo ka kwana kana kwafa. Kowane kaset da ya fita ka san ribarka a kai. Masu satar fasaha suna nan tun lokacin, amma su ma sai sun sayi kaset sun ɓata dare. Da CD ya zo abin ya fara lalacewa, da memori da Bluetooth suka zo sai ya mutu murus. Yau yaro zai zauna da kwamfuta bakin tasha, ka ba shi dala ashirin ya cika maka waya da waƙoƙin da wani ya kashe dukiyarsa a kai, kuma ko dala ba za ta koma wurin mai ita ba.

Saboda haka waƙar kanta ba a sayar da ita yanzu. Talla ce kawai, don a kira yaro wasan biki ko suna, ko wani mai kuɗi ya ce a yi masa tasa. Babbar kakar masu situdiyo kuwa siyasa ce. Wanda ya ga zaɓen 2020 da zagaye na biyu a farkon 2021 ya san yadda ɗakunan nan suka cika, kowane ɗan takara da waƙarsa. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da harkar jam'iyyu, a 2025 kuma aka rusa su. Wannan ƙofar a rufe take. Ba ina kare maigidanki ba ne, ɗiyata. Ina so ki san cewa ba lalaci ke damunsa ba, kasuwar ce ta zame ƙarƙashin ƙafarsa. Ni da na ga haka na koma sayar da kayan waya. Uwargidana har yau tana cewa ranar da na rufe shagon kaset ita ce ranar da aka ɗaura mana aure na gaskiya. Amma in na ji tsohon kiɗan Ma'azu Ɗan Alalo a rediyo sai in ajiye abin da nake yi.

Mai_Haɗa_Sauti:
Maganar dare da ta yi gaskiya ce, kada a zarge shi da ita. Ɗakunanmu ba ginin situdiyo ba ne, shaguna ne. Da rana kabu-kabu, injin markaɗe, mai tallan ruwa, duk makirfo yana kwasa. Kuma dole ka kashe fanka lokacin ɗauka, to wa zai shiga ɗakin da aka liƙe da soso ba fanka da azahar a watan Afrilu? Sai dare. Batir kuma zafi ke cinye shi, ga shi muna zuƙe shi har ƙasa, abin da bai kamata ba. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, da yawanmu a watannin nan muka kashe batiranmu. Gurup, wato injin ba da wuta, kuwa ga kuɗin esansi ga ƙara, sai ka ja waya ka kai shi bayan gidan maƙwabta.

Zuwaira_227:
Mai_Haɗa_Sauti duk mun ji. Amma batir ɗinku ne ya mutu, me ya haɗa shi da adashen mace? Kowace sana'a da wahalarta. Mai gyaran babur ma yana shan rana, bai ce matarsa ta sayo masa sifana ba.

Almajirin_Garin_Malam:
Ni abin da na gani tun farko ba a taɓa shi ba. Ita kanta sana'ar kiɗa fa? Gidan da ake ci da kuɗin fiyano ina albarka za ta zauna? Ki ba shi shawara ya mai da ɗakin wurin ɗaukar karatu da wa'azi.

Malam_Na_Zongo:
Almajiri, a yi hattara. Zancen kiɗa malamai sun yi maganganu a kai tun kafin a haife mu, akwai masu tsanantawa akwai masu rangwame da sharuɗɗa, ba a nan za mu warware shi ba. Abin da babu saɓani a kai shi ne ciyar da iyali wajibin miji ne, dukiyar mace kuma tata ce, ba ta halatta gare shi sai da daɗin ranta. Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Ba a ce ban da tsakanin miji da mata ba. Maman Hanifa, rubutawa ba rashin yarda ba ne. Sannan dare yana da haƙƙi, mace ba gadin gida aka kawo ta ba.

Shugabar_Zaure:
Jama'a a tsaya kan abin da ta tambaya. Wanda yake son muhawarar halacci ya buɗe nasa zancen daban.

Ƙaramin_Mawaƙi:
Ku yi haƙuri in faɗi ta ɓangaren yaron, ko da za a zage ni. Ban san shi ba, amma na san abin da ke sa mutum ya gudu. Na yi shekara 2 a hannun wani mai kamfani. Mutumin kirki ne, yana ba ni abinci, in ba ni da lafiya shi ke sayen magani. Amma ban taɓa sanin nawa aka biya a wasan da na yi ba. In na tambaya sai ya ce ai ɗansa ne ni. To ɗa ma yana son ya sayi wa uwarsa turmin zane da guminsa. Kano kuma nan ce kasuwar waƙar Hausa, can masu fim suke, can ake ganin mutum. Tafiyar ko yini ɗaya ba ta kai ba. Rashin sallamar ne kawai ban goyi baya ba, wannan butulci ne.

Maman_Hanifa:
Ƙanena ban ji haushin maganarka ba. Wannan kalmar ta "ɗana ne" kullum ita ce a bakin Abban Hanifa. Yaron nan a gidana ya yi azumin bana, ni nake zuba masa kunu. Har wankinsa na taɓa haɗawa da namu.

'Yar_Jami'a:
To ga inda matsalar take. Ana tafiyar da kamfani kamar gidan marayu. Anti, ki tambaye shi ko akwai takarda tsakaninsa da yaran, wadda ta faɗi waƙa nawa za a yi, wa ya mallaki ɗaukar, kashi nawa kowa zai samu a wasa. Kuma akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, inda ake rajistar waƙa. Wanda ya rubuta waƙa yana da haƙƙinsa, wanda ya kashe kuɗi ya ɗauke ta shi ma yana da nasa. Ba na ce kuɗi za su zubo ba, amma da akwai takarda da yaron bai kwashi aikin wata da watanni a aljihu ya wuce haka kawai ba. Takardar nan ita ce kuma za ta kare yaran daga abin da Ƙaramin_Mawaƙi ya faɗa.

Ɗan_Kara_Kara:
Takarda a Damagaram? Ranar da ka miƙa wa yaro biro ya sa hannu, gobe kakarsa za ta zo ta ce ka sayar da shi ga 'yan mafiya.

Baƙon_Liyon:
Ina bin zancen daga Faransa, ni ma ɗan Birni ne. Kada ku raina ƙaramin kamfani. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, shi kaɗai ya fara Sahel Sounds. Waƙoƙin da ke yawo a memorin wayoyin mutane a arewacin Mali ya tattara, ya nemo masu su, ya fitar da faifai a 2011. A cikinsu akwai Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu daga jihar Tawa, wanda yanzu yake zagaya duniya da jita. Nan Turai har gobe akwai masu sayen faifan garmaho da tsada, kuma akwai shafin Bandcamp inda kamfani ke sa farashinsa da kansa, shafin ya cire kashi 15 cikin 100 na abin da aka saya ta intanet. Maigidanki ya nemi wani amintacce a waje su haɗa hannu.

Mai_Haɗa_Sauti:
Baƙon_Liyon, shi wancan yana zaune inda banki da PayPal suke aiki, kuma masu sayensa jitar Abzinawa suka fi so, ba fiyanonmu ba. Mu nan ko YouTube sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo cikin shekara kafin a fara zancen kuɗin talla, kuma lokacin da na nema sai da na bi ta hannun wani abokina a Najeriya. Da kuɗin suka zo, bayan an canza naira an cire na turawa, abin da ya rage shayin fada ya saya.

Matar_Koci:
Kun koma zancen kasuwa kun bar matar da tambayarta. Maman Hanifa, ni mijina ba waƙa yake ba, ƙungiyar ƙwallon yaran unguwa gare shi, amma ciwon ɗaya ne. Na taɓa nemo zanen gadona na rasa, ashe an yanka an yi tutar kulob. Shekarun farko kullum faɗa, ina cewa ya zaɓa ko ni ko ƙwallo. Daga baya na gane in na ci wannan yaƙin, mutumin da zai rage mini a gida ba shi ne wanda na aura ba, wani mai ƙunci ne zai zauna yana kallon bango. Sai na canza abin da nake nema. Na ce kuɗina ko dala ba ta shiga kulob, ko da kuwa za a kore su daga gasa. Daren Juma'a kuma nawa ne, waya a kashe. Ya karya sau biyu, na biyun na kwashe yara na tafi gidanmu Mirya kwana 4 ba tare da na ɗaga murya ba. Bai sake ba. Ban ce ki yi yaji ba, kowa ya san mijinsa. Amma ki daina jiran ranar da zai gaji da abin, irinsu ba sa gajiya.

Wadda_Ta_Fita:
Ni kuma na zauna shekara 9 da irinsa, na fita. Shi wasan kwaikwayo ne nasa. Duk gari na yabonsa, ni na san daren da na kai yaro likita ni kaɗai a bayan kabu-kabu yana can yana gwaji. Ba ya duka, ba ya zagi, shi ya sa ko iyayena sun kasa gane me nake kuka a kai. Mutum zai iya zama na kowa ya kasa zama na gidansa. Ba na ce naki haka yake ba. Ki dai lura, ranar da ke da situdiyo kuka buƙace shi lokaci ɗaya, ina ya nufa?

Hajiya_Ta_Birni:
Wadda_Ta_Fita Allah ya musanya miki da alheri. Amma a bar yarinya ta gwada gyara tukuna. Ɗiyata, kin taɓa zuwa wurin aikin nasa ma kuwa?

Maman_Hanifa:
Na gode muku duka, kwana biyu ban leƙo ba. Inna Hajiya tambayarki ce ta tsaya mini, don rabona da wurin tun ina da cikin Hanifa. Shekaranjiya bayan isha na bar ta wurin maƙwabciya na tafi ba tare da na gaya masa ba. Abin da na fara gani a bakin ƙofa batira biyu ne baƙaƙe a kan katako, na ce a raina ga firizata nan. Ciki kuwa ba yaran ba ne. Wani tsoho ne makaho zaune kan tabarma da gurmi, jikansa na gefe yana gyangyaɗi, shi kuma Abban Hanifa ya durƙusa yana gyara masa tsayin makirfo kamar mai ba jariri abinci. Zufa ta jiƙe masa riga har baya. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, na zauna kan bido na ji waƙa uku. Ta ukun kakata tana yin ta in tana daka, rabona da jin ta tun ina 'yar firamare.

Da suka tafi na tambaye shi nawa tsohon ya biya. Ya ce shi ne ma ya biya musu kuɗin mota daga ƙauye. Ya ce Malam Mamman Barka, ɗan Taskar nan jiharmu, da bai je bakin tafkin Cadi ya koyi biram, wata irin garaya ta mutanen can, wurin tsohon da ya rage yana kaɗa ta ba, da ta bi tsohon kabari, shi ma Barka ga shi ya rasu a 2018. Wai tsofaffin nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya ɗauke su. Ashe wata 8 ke nan yana wannan ban sani ba.

Na bari ya gama. Sannan na ce masa duk na ji, amma ni ma ba wanda yake ɗaukar tawa muryar. Ya yi shiru ya daɗe. Na faɗi maganar Malam_Na_Zongo ta rubutu, na faɗi ta Matar_Koci. Ya yage takarda daga littafin da yake rubuta sunayen waƙoƙi, ya rubuta zai riƙa ba ni jika 15 duk ƙarshen wata har wata 10, ya sa hannu. Daren Juma'a ya ce ya yarda, sai dai in an kira su wasan biki.

Zuwaira_227:
"Sai dai in" ɗin nan ita ce ƙofar da zai riƙa fita. Kuma wata 10 zafi ya zo ya wuce, ribar ƙanƙarar bana wa zai biya ki? Ni dai ki ɓoye takardar inda ba zai gani ba.

Wadda_Ta_Fita:
Nawa ma ya iya sa ni kuka da irin wannan labarin. Allah ya sa naki ya cika.

'Yar_Jami'a:
Anti, zancen takarda da sauran yara huɗun fa, kin taɓo masa?

Maman_Hanifa:
Na taɓo, ya ce zai duba, na san ma'anar zai duba a bakinsa. Wani abin kuma, yaron ya kira daga Kano jiya, wai wanda ya yi masa alkawari ya daina ɗaukar wayarsa, a shagon wani yake kwana. Ina ji Abban Hanifa yana ce masa ya kwantar da hankalinsa. Ban tambaya ba ko ya tura masa kuɗin mota, don ba na son in ji amsar.

Tsohon_Mai_Kaset:
Ya tura. Ni ma da na tura.

Ɗan_Kara_Kara:
Maman Hanifa yau fa Alhamis ce, daren Juma'a ke nan. Ga shi sha ɗaya ta wuce muna ganinki a zaure. Ina angon?

Maman_Hanifa:
Ya shigo tun magariba, ya kashe waya ya ba ni na sa a ƙarƙashin filo. Mun ci tuwo tare. Yanzu haka ga shi nan ya yi barci a zaune da Hanifa a cinyarsa, yatsunsa suna ta motsi a bayanta kamar yana danna fiyano. Tawa wayar ce ban kashe ba.